An ba mu kwamfuta 24, ta ina zan fara haɗa ɗakin?

Malamar Lissafi:
Assalamu alaikum. Ni lissafi nake koyarwa a sakandare, amma da yake an taɓa ganina ina haɗa wa shugaban makaranta firinta, shi ke nan aka ɗora mini kula da sabon ɗakin kwamfuta. Tsofaffin na tebur ne aka ba mu kyauta guda 24, duk Windows 10 ce a kansu, RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) 4GB. Ɗakin dogo ne, soket biyu kacal a bango, ɗaliban aji ɗaya kuwa 46. Shugaba na son kafinta ya jera tebura kamar aji, kowa na fuskantar allo, sannan a fara jawo intanet. Raina bai kwanta da jerin nan ba, amma ba ni da hujjar da zan ba shi. Don Allah waɗanda suka taɓa aikin su taimaka.

Tsohon Malamin Kwamfuta:
Wa alaikumus salam Malama. Ki tsayar da kafintan nan tun bai yanka katako ba. Ni na yi wannan jerin, na kuma ji a jikina. In kika tsaya a gaba, bayan kwamfutoci kawai za ki gani da goshin yara. Ina ta zuba bayani, na baya suna ta gyaɗa kai, ashe kati suke bugawa. Ga wayoyi shimfiɗe tsakanin layuka. Wata rana ana tsakiyar gwaji wani yaro ya miƙe ƙafa ya fizge filogi, layi guda ya mutu ɗif, aikin minti arba'in ya tafi, wata yarinya har da kuka.

Ki manna teburan a jikin bango uku, ki bar tsakiya fili. Kina tsaye wuri ɗaya kin ga fuskar kowace kwamfuta, wayoyi kuma sun bi bango ba mai taka su. In za ki yi bayani sai su juyo da kujerunsu, hannu ya bar madannai dole. Yara 46 kuma ba abin damuwa ba ne: biyu-biyu, ɗaya na bugawa ɗaya na karanto masa, bayan minti goma su yi musanya. Sai dai ki sa ido, mai baki a cikinsu ba ya son sakin linzamin kwamfuta (mouse). Ki liƙa wa kowace kwamfuta lamba, kowane ɗalibi ya san tasa, ranar da maɓalli ya ɓace kin san wanda za ki tambaya. Akwai manhaja ta kyauta, Veyon, da ke nuna miki allon kowa a kan naki.

Mai Wayarin:
Malama, soket biyun nan su suka fi tayar mini da hankali. A ƙaddara kowace da allonta tana jan wat 150, sau 24 ya zama 3,600. Soket mai amfiya 13 a wuta mai bolt 230 iyakarsa wajen wat 3,000 ne, balle a yi ta jona waya a bayan waya. A ja wa ɗakin layinsa daban, a raba shi kashi-kashi kowane da bireka mai yanke wuta in lodi ya yi yawa, a tabbatar akwai wayar ƙasa. Wannan kafin fenti ma.

Ɗan Gyara:
Ban ji wanda ya taɓo Windows ɗin ba. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, ita kuma Windows 11 tana neman TPM 2.0, wani ɗan ɓangaren tsaro a cikin kwamfuta, wanda tsofaffi da yawa ba su da shi. Ni da Linux Mint zan sa musu a madadin Windows, da LibreOffice mai aiki irin na Word da Excel, da Scratch na koya wa yara haɗa manhaja. Ki gyara guda ɗaya tsaf, ki kwafe duk abin da ke cikinta da manhajar Clonezilla zuwa sauran, wadda yara suka birkita a mayar da ita cikin mintuna. In da rarar kuɗi, SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri, ya fi komai farfaɗo da tsohuwar na'ura. Intanet kuma ta jira, da manhajar Kiwix za ki ajiye Wikipedia a kwamfuta ɗaya sauran su karanta ta kebul.

Tsohon Malamin Kwamfuta:
Ɗan Gyara, a bi a hankali. Ta fara duba manhajar karatu, wato silabas, in Word da Excel aka ambata da suna a jarrabawa, sauyin zai rikita yara. Kuma wa zai koya wa sauran malamai? A Peru an raba wa 'yan firamare ɗaruruwan dubban kwamfutocin shirin One Laptop per Child (kowane yaro da tasa), binciken Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka na 2012 bai ga makin lissafi da na harshe ya ƙaru ba. Malama, ki nemi a ware awa ɗaya a mako ta malamai zalla, in ba haka ba ranar da ba ki zo ba ɗakin a kulle zai wuni.

Malamar Lissafi:
Allah ya saka da alheri. Na kai wa shugaba lissafin wat ɗin a takarda, ya yi shiru, ya ce a kira mai wayarin gobe. Jerin bango kuma ya ce sai ya gani da idonsa, don haka da alli na zana masa a ƙasa. Na kunna su duka yau, 21 suka tashi, ukun kuwa ƙara kawai suke yi ƙit-ƙit allo baƙi. Ɗan Gyara, RAM ne ko me?