Kafin ka kai ƙara Babbar Kotun Tarayya

Wasu lauyoyi da suka tattauna batun kai ƙara Babbar Kotun Tarayya bakinsu ya zo ɗaya: ka san hurumin kotun, wato irin shari'un da doka ta ba ta ikon saurara, kafin ka biya kuɗin shigar da ƙara. A 1973 aka kafa ta a Legas domin shari'un kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kundin tsarin mulkin 1979 ya raɗa mata sunanta na yanzu. Hedikwatarta na Abuja ƙarƙashin Babban Alƙali, tana da rassa a jihohi, kuma alƙali ɗaya ke zama kan kowace shari'a.

Sashe na 251 na kundin 1999 ya zayyana aikinta: harajin tarayya, kwastam, sha'anin kamfanoni, jiragen ruwa da na sama, shige da fice, miyagun ƙwayoyi. Rigimar fili, gado ko aure ba nan ake kai su ba, sai kotunan jiha. Wani dattijon lauya ya ja kunne cewa batun rashin hurumi ko a Kotun Ƙoli ana iya tayar da shi, a rushe shari'ar bayan an sha wahalar shekaru. Ni dai wannan gargaɗin ya fi tsaya mini a rai.

Wanda hukuncin ƙarshe bai gamsar ba, a ƙarar da ba ta laifi ba, wata uku gare shi ya garzaya Kotun Ɗaukaka Ƙara.