Masu haɗa gem a Rasha suna da laifi a yaƙin Yukren?

Ɗan Yelwa: Salam 'yan uwa. Gardama ce ta kaure a gidan gem ɗinmu nan Bauchi, wani ya ce duk mai sa kuɗi a War Thunder ko Escape from Tarkov harsashi yake saya wa Putin, tunda tushen kamfanonin Rasha ne. Ni kuma na ce yaron da ke zana tankar yaƙi a kwamfuta meye haɗinsa da fadar Kremlin? Ku raba mu don Allah.

Injiniya_GMB: Malam ai ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Wargaming masu World of Tanks sun tattara sun bar Rasha da Belarus tun Afrilun 2022, Playrix masu Township da Gardenscapes da matanmu ke bugawa a waya su ma sun rufe ofisoshinsu na can a shekarar. Wanda ya zauna yana biyan haraji kuwa kuɗinsa na shiga baitulmalin da ake sayen makamai da shi, ko yana so ko ba ya so. Ni a nan nake ganin alhakin, a kan masu kamfani, ba ƙaramin ma'aikaci ba.

Hajiyar Wunti: Injiniya faɗa da baki sauƙi gare shi. Tun Maris 2022 Rasha ta yi doka, ka faɗi abin da gwamnati ta kira ƙarya a kan sojoji kana iya shan ɗaurin shekara 15, to mai iyali da tsohuwa a gida ka ce ya fito ya zagi yaƙi? Mu nan nawa ne ke iya buɗe baki a kan kansila ma.

Injiniya_GMB: Gaskiyarki Hajiya, na cikin Rasha ina masa uzuri. Amma Mundfish masu Atomic Heart fa? Hedkwatarsu na Saifurus, ba mai kama su a can, duk da haka da aka matsa musu sai suka ce su masu son zaman lafiya ne ba sa tsoma baki a siyasa, kuma suka saki gem ɗin ran 21 ga Fabrairu 2023, kwana 3 kafin mamayar ta cika shekara. Wanda ya yi musu kiɗa, Mick Gordon, shi kuɗin aikinsa ya ba Red Cross don mutanen Yukren. Ashe ana iyawa.

Baban Ummi: Kun manta ɗaya ɓangaren. Masu STALKER 2 'yan Kiyef ne, babban birnin Yukren, wasunsu gudu suka yi zuwa Prague suka ƙarasa aikin, sai Nuwamba 2024 ya fito, wani tsohon ma'aikacinsu Volodymyr Yezhov kuma a fagen daga ya mutu kusa da Bakhmut. Ɗan Yelwa tsakani da Allah, ku da kuke kwafar gem a filas, nawa kuka taɓa biya ma tukuna?

Ɗan Yelwa: Baba kar ka tona mana asiri mana 😂 amma War Thunder kyauta ake saukewa, a ciki ne suke tatsar mutum.