Na liƙe soso ko'ina a sitidiyo amma bes na yaudarata

Sabon Hannu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, abin nan ya hana ni barci. Shekara uku ina haɗa sauti da hedifon a ɗakin kwanana, sai bara ni da yayana muka haɗa ƙarfi muka kama wuri, ɗaki ɗaya na ɗaukar murya, ɗaya na haɗa aiki. Shi ya zuba mafi yawan kuɗin, kuma da ma bai so ba, kyamara ya so mu saya, sai da na yi wata biyu ina lallashinsa. Na sayi sifika Yamaha HS8, na liƙe soso mai tsini a bango huɗu har bayan ƙofa. In ka tafa hannu, tsit kake ji. Amma in na zauna a kujera ba na jin bes, wato sautin ƙasa mai kauri, sai in yi ta ƙara shi. Makon jiya wani mawaƙi ya sa aikina a motarsa, ƙofofi har rawa suke, murya ta nutse. Ya dawo ya ajiye mini filashi a kan tebur bai ce uffan ba. Yanzu Yaya cewa yake kunnena ne ba shi da kyau. In canza sifika ne?

Mai Jita: Wa alaikumussalam. Malam, ka ba mu labarin Yaya da kyamara amma ba ka faɗi girman ɗakin ba. Kuma a ina kujerarka take?

Sabon Hannu: Tsawo mita 4, faɗi mita 3. Ina zama a tsakiya daidai, don in yi nesa da kowane bango.

Tsohon Injiniya: To ƙanena, ga ciwonka nan. Kar ka taɓa sifika, ba ta da laifi. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa. Raba 343 da ninkin tsawon ɗakinka, wato 8, za ka samu kusan Hz 43, wato girgizar sauti sau 43 a daƙiƙa. A nan ɗakin yake amsawa: bes yana taruwa a jikin bangon gaba da na baya, a tsakiya kuma ya kashe kansa. Kai ka je ka dasa kujera a cikin ramin. Kunna kiɗa ka taka zuwa lungun ɗaki, za ka ji abin da mai motar nan ya ji. Matso da kujera kamar mita ɗaya da rabi daga bangon gaba, kashi 38 cikin 100 na tsawon ke nan, daga nan ake fara gwaji. Soson kuwa, kaurinsa nawa?

Sabon Hannu: Santimita 5. Amma Oga ba na banza ba ne, mai sayarwar ya ce na sitidiyo ne, kuma amsa-kuwwar ta mutu.

Tsohon Injiniya: Sautin sama ka kashe. Tsawon zangon sauti mai Hz 100 ya haura mita 3, rubu'insa santimita 86, yaushe soso mai santimita 5 zai tare shi? Ratsa shi yake kamar babu. Abin da kake buƙata audugar dutse ce irin Rockwool, kauri santimita 10 ko fiye, a firam na katako, a rufe da yadin da iska ke wucewa, a bar ɗan fili tsakaninsa da bango. Lunguna huɗu a cika su daga ƙasa har silin. Sannan ka zauna, wani ya riƙa jan madubi a bangon gefe, duk inda ka hango sifika a madubin, nan za ka rataya allo. Haka saman kanka.

Ɗan Ganga: Ni fa kiret ɗin ƙwai na liƙa da tsofaffin barguna, shekara biyar, ba wanda ya taɓa dawo mini da aiki. Ba kowa ke da ƙarfin abin da Oga ke lissafawa ba.

Tsohon Injiniya: Kiret ba ya komai sai tara ƙura. Kuma shi da soson katifa makamashi ne. A 2003 gobarar gidan rawa na Station a jihar Rhode Island ta Amurka ta kashe mutum 100, soson jikin bango ne ya kama.

Ɗan Ganga: Allah ya kiyaye. Amma ba haka ake yi wa mutum magana ba.

Hajiya Mai Shiri: Ni nawa ya fi naku. Na ba wani kafinta aikin allunan nan, ya lulluɓe audugar da leda mai kauri wai kar ta yi ƙaiƙayi, ya ɗora falanki a fuska don kyau. Sauti na dukan katako yana dawowa. Har yau bai ɗaga wayata ba. Ga maƙwabci kullum yana buga mini bango.

Tsohon Injiniya: Hajiya, na maƙwabci daban ne. Allo ba ya hana sauti fita, wannan sai bango mai nauyi da toshe kafofi.

Mai Jita: Ni a ganina kar ya sayi komai sai ya auna. Manhajar awon sauti ta REW kyauta ce, makirifon awo kawai zai nema. Ko ya sa manhajar Sonarworks ta daidaita masa sautin.

Tsohon Injiniya: Awo na yarda. Amma manhaja tudu take ragewa, wato inda sauti ya yi yawa, ba ta cike rami. Ka ƙara ƙarfi a inda sauti ke kashe kansa, wahalar da sifika kawai za ka yi.

Sabon Hannu: Na gode ƙwarai. Sai dai kujerar ba za ta matsu ba, kafinta ya kafe teburin a inda yake, kuma soson da gam mai ƙarfi na liƙa, in na ɓanɓare fenti zai biyo shi, mai gida ba zai yarda ba. Ta yaya ma zan kalli Yaya in ce a cire abin da ya biya? Wani ya ce in ƙara sabufa, wato sifikar bes zalla, bes zai fito, ya kuka gani?

Ɗan Ganga: Ƙara kawai, za ka ji daɗinsa.

Tsohon Injiniya: Ka taka zuwa lungun nan kamar yadda na ce, ko ba ka taka ba?

Sabon Hannu: Ban je ba tukuna, mukullin yana hannun Yaya.