Masu bin shafuka ta Thunderbird a Damagaram, ku zo mu ji

Malamin lekkol, Sabon Gari: Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu karanta shafukan intanet ta manhajar imel a kwamfuta, ina son jin yadda kuke yi. Ni da Thunderbird nake aiki. A gefen akwatin wasiƙuna na buɗe asusun RSS, wato tsarin da shafukan intanet ke turo sabbin rubuce-rubucensu ga mai bin su, na zuba adireshin shafukan da nake bi, yawanci na tarihi da na koyar da lissafi. Duk sabon rubutu yana shigowa kamar wasiƙa, da takensa da kwanan wata, wanda ban buɗe ba kuma yana nan da baƙi mai kauri. Da asuba reso ya fi ƙarfi a wajenmu, sai in sauke komai, in cire haɗin, in karanta a ɗakin malamai. Ko kuran ya ɗauke, muddin batir na da rai, karatuna na hannuna. Abin da ya riƙe ni ke nan.

Mai sibar, Zango: Wa alaikumus salam Malam. Ni da Google Reader na saba, mai karanta RSS ta kamfanin Google, har ranar 1 ga Yuli 2013 da aka rufe ta. Tun lokacin ban ƙara yarda jerin shafukana ya kwana a wajen wani kamfani ba. Thunderbird na fitar da jerin duka a fayil ɗaya, OPML. Ina ajiye shi a kile, idan na sake wa kwamfuta Windows in mayar da shi, komai ya dawo. Wanda ya rasa adireshin RSS na shafi, in an gina shafin da manhajar WordPress ne ya ƙara /feed a ƙarshen adireshin shafin, galibi yana ci.

Ɗaliba, Jami'ar André Salifou: Ni dai akwai abin da ke ɓata min rai. Wasu shafukan layi biyu kawai suke turowa, sauran sai ka je can. Da farko kuma Thunderbird tawa tana buɗe shafin gaba ɗaya, da hotuna da talla, forfena ya ƙare tun wata bai raba ba. Jaka biyu ba ƙaramin kuɗi ba ne ga ɗaliba.

Mai sibar, Zango: Ƙanwata, shiga saitin asusun, akwai wurin da za ki zaɓi a nuna taƙaitaccen rubutu maimakon a buɗe shafin. Ki kuma tsawaita lokacin da take leƙa sabbi, ko ki kashe shi ki riƙa dannawa da kanki. Masu turo layi biyu kuwa, daga mai shafin ne, manhajar ba ta da yadda za ta yi. Ni na cire su, sai wanda ya zame min dole.

Sakatariya, Birni: A buronmu manhajar imel ɗin Outlook ce, ita ma tun ta 2007 tana da babban fayil na RSS. Na gwada, amma karatu ya riƙa cakuɗewa da wasiƙun aiki, na bari. A gida na koma Thunderbird. Na sa mata matata, wato filtre mai ware rubutu: duk taken da ke ɗauke da Zinder ko Damagaram ya faɗa fayil na daban.

Malamin lekkol, Sabon Gari: Hajiya, wannan matatar ita nake nema. Don Allah a ina ake saita ta, a kan asusun RSS ɗin ko a kan kowane shafi?