Wai cin ɗanyar kawa ba ya illa?

Dalibi_a_Bordeaux:
Salam yan uwa. Makwabcina ya gayyace ni cin abincin ƙarshen shekara, wai kawa (oyster, abin teku mai ɓawo) za a ci ɗanya, a buɗe ɓawon a matsa lemun tsami a zuƙe haka nan, ni dai gabana faɗuwa yake. Ba matsala?

Maman_Twins:
Tab, ɗanya kuma? Allah ya ba ka sa'a, ni ko kallonta ban iyawa.

Likitan_gida:
Malam lokacin sanyi ya fi sauƙi, shi ya sa turawa ke cewa a ci daga Satumba zuwa Afrilu, don ƙwayar Vibrio a ruwa mai ɗumi take yaɗuwa. Amma kar ka saki jiki fa, ƙwayar cutar norobairos mai sa amai da gudawa a hunturu take tashe, a Disambar 2023 ma sai da aka hana sayar da kawar Arcachon nan kusa da ku saboda mutane sun yi ta amai da gudawa. Lemun tsami kuma ba ya kashe komai wallahi. In kana da ciwon hanta ko suga, a dafa maka kawai.

Dan_Zinder:
Wajen halacci dai a Malikiyya ba laifi, abin teku ne. Kawar da ka ga bakinta a buɗe tun kafin a buɗe ta, ka taɓa ba ta rufe ba, ta mutu, jefar da ita.