Zan kira malam a talabijin, da wane baki zan fara?

Maman Fati, Aboabo: Salamu alaikum jama'ar zaure. Ina so in kira shirin fatawa na daren Juma'a kan ramuwar azumi. Wancan karon ina tsakiyar gaisuwa aka katse ni, katin waya na sidi biyar ya tafi a banza, tun daga ranar ban sake kira ba. Ku ba ni shawara.

Alhaji Sani, Asawase: Wa alaikumus salam Hajiya. Gaisuwar ce ta yi tsawo. Mu 'yan Zango sai mun tambayi gida da yara da gajiya, alhali mutum goma na jiran layi. Ki yi sallama cikakkiya, ki ce daga Kumasi, ki ce "Allah ya gafarta Malam", sai tambaya. Kuma ki rage ƙarar talabijin kafin a ɗauka, in ba haka ba muryarki ce za ta riƙa dawo miki.

Maman Fati: Na gode Alhaji. Amma tambayar ta mata ce, kuma surukina ba ya barin shirin ya wuce shi.

Malama Hawa, Sawaba: Yaya, kar wannan ya tsayar da ke. Nana A'isha ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman sanin addini ba. Ummu Sulaim ma da za ta tambayi Annabi (SAW) kan wanka, cewa ta fara yi Allah ba ya jin kunyar gaskiya. Hausa ta ba mu sutura: ki ce "kwanakin da ba na salla", ko "baƙon wata". Malam zai gane. Sunanki ba dole ba ne, "wata baiwar Allah" ya isa.

Abin da ke ƙona min rai shi ne mai kira ta ce matsalar saki ce, sai ta ambaci mijin da shagonsa a kasuwar Kejetia. Duk unguwa ta ji, washegari yaransu su shiga makaranta kai a sunkuye. Ki ce "wani ne ya yi kaza", fatawar ba ta canzawa.

Ibrahim, Tafo: Umma, ki rubuta tambayar a takarda tukuna. Ni ma sai da na fara haka na daina in-ina.

Alhaji Sani: Wani abu kuma. Hausarmu ta nan ba ta cika raba "ka" da "ki" ba, na sha jin an ce wa malama "ka ji". Ku riƙe "ku", ya rufe duka, ya kuma fi girmamawa.

Malama Hawa: Haka ne. In kuma amsar ta saɓa da abin da limaminku ya koyar, ban da "ai malam wane cewa ya yi". Ki ce Allah ya ƙara ilimi, ki ajiye waya, gobe ki sami limamin.

Maman Fati: Allah ya saka da alheri. Na rubuta, layi uku ne. Malama, zan turo miki ta gefe ki duba min kafin Juma'a.