Mazaunin wuta ya cije a bindigar duri, ina neman yadda zan kwance shi

Ɗan Adar, Tawa:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana a kan wata bindiga da na gada daga kawuna, irin wadda ake dura wa albarushi ta baki, ƙirar Sifen, kuma takardunta suna hannuna. Tun yana raye ya cire ɗan bututun asali da ake kifa wa hular wuta mai lamba 11, wato ɗan murfin da ke kunna albarushi, ya ɗaura wani mazauni mai karɓar ƙwayar wuta mai lamba 209, irin wadda take gindin harsashin farauta, domin ita ya fi samu. An yi harbin ƙarshe da ita a bikin wani ɗan'uwanmu, aka jingine ta a ɗaki ba a wanke ba, har damina biyu ta wuce a kanta. Yanzu mazaunin ya cije, ko motsi ba ya yi. Na yi kwana 3 ina zuba masa man inji, na kama shi da filaya, sai na ga gefensa ya fara gogewa, na tsorata na dakata. Maƙwabcina ya ce in kai wa mai walda ya hura masa wuta. Shin in bi wannan shawara?

Tsohon Maharbi, Tawa:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan kawunka. Ɗana, kada wuta ta kusanci bindigar nan sai ka tabbata babu duri a cikinta, domin albarushi in bai jiƙe ba yakan yi shekaru masu yawa da ƙarfinsa, kuma bindigar biki sau da yawa a dure ake ajiye ta. Ka karkatar da bakinta daga mutane, ka zura sandar duri har ta tsaya, ka yi mata alama daidai bakin, sannan ka zaro ta ka shimfiɗa a bayan dogon bututun bindigar daga waje. Idan kan sandar bai kai kusa da inda mazaunin yake ba, to akwai abu a ciki. Sai ka cika bututun da ruwa, ka bar shi ya kwana, kafin ka zaƙulo abin.

Man injin da ka zuba bai taimake ka ba. Abin da ya kama mazaunin ba tsatsa kaɗai ba ce, akwai dattin albarushi. Albarushi haɗin wani irin gishiri ne na musamman da gawayi da farar wuta, kimanin kashi 75 da 15 da 10, kuma in ya ƙone fiye da rabinsa ba ya zama iska, yana barin wata baƙar toka mai gishiri wadda take jan laima. A watan Agusta, lokacin da ko ashana ba ta son kamawa a ɗakunanmu, wannan toka ce take jiƙa a cikin haƙoran murɗin, ta bushe da hunturu, ta daskare kamar siminti. Mai yana mayar da ita kwalta, ruwa kuwa yana narkar da ita. Ka raba bututun da katakon, ka tsoma gindinsa a tafasasshen ruwa mai sabulu, ka riƙa sabunta ruwan har ya daina fitowa baƙi da warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Makanike, Katako, Yamai:
Abin da Baba ya faɗa shi ne farkon aiki, ni zan ƙara na hannu. Ɗan'uwa, ka ajiye filaya, domin ita ce take cinye kusurwoyin da za a kama. Bayan ruwan zafi, ka shanya bututun sosai, sannan ka zuba man kwance tsatsa irin su WD-40, ka ba shi kwana 2 zuwa 3 kana ƙarawa safe da yamma. Ka matse bututun a tsakanin katako biyu, ka nemi sifana wadda ta shige shi cif, ka ɗan bubbuga kansa da guntun tagulla, ka murɗa kaɗan kamar za ka ƙara ɗaurewa, sannan ka juyo hagu. In ya motsa ko ƙanƙani, ka riƙa kai da komowa kana zuba mai.

A kan wuta kuwa, ina ganin in an tabbata babu duri, ɗumama ƙarfen da ke kewaye da shi yana taimakawa, amma ba harshen walda ba, wanda yake jajanta ƙarfe ya raunana shi, ya kuma narkar da dalmar da ta riƙe wasu sassa. In kan ya guntule, kada ka huda da kanka, domin ramin nan shi yake tare ƙarfin harbi kusa da idonka. Ka kuma lura wajen sayen sabo: da yawa daga bindigogin Turai murɗinsu na milimita 6 ne, da yawa daga na Amurka kuwa na rubu'in inci ne, a ido suna kama, amma in an tilasta ɗaya a ramin ɗaya haƙoran sun lalace ke nan.

Tsohon Maharbi, Tawa:
Na yarda da kai, ƙanena, sai dai ni zafin tafasasshen ruwa ya ishe ni, ban taɓa wuce shi ba.

Ɗan Adar, Tawa:
Baba, Allah ya saka maka da alheri. Na auna kamar yadda ka ce, sandar ta tsaya saura kimanin yatsu 3, kuma bayan ruwa ya kwana na zaƙulo tsumma da baƙin albarushi cikin cokali, jikina har rawa yake yi da na tuna maganar mai walda. Na canza ruwan zafi sau 4, na bi da mai kamar yadda Malam makanike ya nuna, a rana ta uku mazaunin ya yi ƙara kaɗan ya juya. Haƙoran ramin suna nan lafiya, na mazaunin ne biyu na ƙasa suka cinye, don haka ba zan mayar da shi ba. Me zan shafa wa sabon kafin in ɗaura?

Makanike, Katako, Yamai:
Ka shafa giris mai jure zafi, irin mai garin tagulla da muke sa wa fulogi, a kan haƙoran kaɗai, kada ya toshe hudar wuta. Ka fara ɗaurewa da yatsu har ya zauna, ka ƙarasa da sifana ba da ƙarfi ba, kuma ka riƙa kwance shi kana wankewa a ranar da aka yi harbi.